Filin Tambaya da Amsa: Rikicin Zuci da Rikicin Fili a Ƙagaggen Labari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta littafina na farko, labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya ba da ita ga attajirin da ya biya masa kuɗin asibiti, alhali tana da wanda take so. Wata ƙawata da ta karanta ta ce labarin ya cika da faɗa da koke-koke, amma ba ta ji tausayin yarinyar ba. Ina ne na kuskure? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ƙawarki ta hango shi ne bambancin da ke tsakanin rikicin fili da rikicin zuci. Rikicin fili shi ne karon da tauraro yake yi da abin da ke wajensa, kamar kishiya, ko talauci, ko hukuncin iyaye. Rikicin zuci kuwa yana faruwa ne sa'ad da mutum ɗaya yake son abubuwa biyu da ba za su haɗu ba, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya yi asarar ɗayan.

Adabinmu ya daɗe da ƙwarewa a na farkon. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kusan duk karo ne na wayo da ƙarfi, ba a cika tsayawa a tambayi abin da ke damun Gizo a ransa ba. Haka ma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933: daɗinsa yana cikin tafiye-tafiyen Alhaji Imam da ramuwar gayyar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe. Wannan ba aibi ba ne, domin labarin yawo da barkwanci haka yake so. Amma naki labarin na aure ne da biyayya, kuma irin wannan ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya.

A yadda kika bayyana shi, yarinyar tana gefe guda, mahaifinta yana ɗaya gefen, suna ja-in-ja. Idan ta tabbata ɗari bisa ɗari cewa ita ce mai gaskiya, to babu abin da ya rage wa mai karatu sai ya jira ya ga wanda zai rinjaya. Ki sa ta ƙaunaci mahaifin nata da gaske. Ki sa ta tuna daren da ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti tana jin tarinsa, ta kuma san cewa ba don kuɗin attajirin nan ba da tuni an yi zaman makoki a gidansu. Daga nan ƙin auren ya zama butulci a idonta ita kanta, yarda da shi kuma ya zama cin amanar saurayin da ta yi wa alkawari. A nan ne tausayi yake shiga.

Sai dai ina jan hankalinki game da kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen sababbin marubuta, wato a kwantar da tauraruwa a gado shafi uku tana saƙe-saƙe. Dogon tunani ba shi ne rikicin zuci ba. Mai karatu yana gane zuciya ne ta abin da hannu ya aikata. Ranar da aka kawo lefe, ki nuna ta tana taya ƙannen mahaifinta ƙirga turamen atamfa da murmushi, sannan ta shiga ɗaki ta goge lambar saurayin daga wayarta, can da dare kuma ta sake rubuta ta domin ta riga ta haddace.

Kuma kina da wata dukiya da al'adarmu ta ba ki kyauta, wato kunya. Idan yarinyar 'yar fari ce, mahaifiyarta ba za ta ko ambaci sunanta ba, balle ta fito fili ta tsaya mata a gaban miji. Uwar da ke ganin 'yarta tana ramewa, alkunya ta ɗaure mata baki, ita ma tana cikin nata rikicin, kuma ina ganin ta cancanci babi guda nata ita kaɗai. Ki gwada rubuta wurin da za ta aika ƙaramin ƙanen yarinyar da kwanon fura, ba tare da saƙon ko kalma ɗaya ba, sannan ki sake ba ƙawarki ta karanta.