Abin da ke ƙarƙashin kafet

Kai yaro, tambayar da ka yi mini ranar Asabar, lokacin da nake kwance a ƙarƙashin mota hannuna duk baƙin mai, ban amsa ta ba saboda ba irin wadda ake amsawa ana riƙe da sifana ba ce. Ka ce ka kalli wani shirin talabijin na Kanada a wayarka, Marketplace na gidan CBC, inda 'yan jarida ke shiga wuraren sayar da motoci da ɓoyayyiyar kyamara, kuma ka ji ana zancen cewa alƙaluman shan mai da kamfanoni ke liƙawa a jikin mota ba su dace da abin da direba ke gani a kan titi ba. Kana son ka san ko duk ƙarya ce, da kuma yadda makanike zai gane gaskiyar mota idan an kira shi ya duba ta kafin a biya kuɗi.

Ban raina waɗannan shirye-shirye ba, ko na Kanada ne ko Watchdog da BBC ta daɗe tana yi a Ingila, domin kunyata maƙaryaci a gaban jama'a aiki ne mai lada. Sai dai manyan ƙarairayin da aka kama a wannan harka, masu awo ne suka kama su, kyamara daga baya ta zo. A Nuwamban 2012 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar da cewa ta sake gwada motocin Hyundai da Kia bayan ƙorafin masu saye, aka gano an ƙara gishiri a alƙaluman motoci kusan 900,000, yawancinsu da mil ɗaya ko biyu a kowane galan, kuma a 2014 kamfanonin biyu suka biya tarar dala miliyan 100. A Afrilun 2016 Mitsubishi ya amsa cewa ya murɗa sakamakon gwajin ƙananan motoci 625,000 a Japan, kuma Nissan, wanda ake ƙera wa wasu daga cikin motocin, shi ne ya auna ya ga lissafin bai fita ba. Batun Volkswagen na 2015 kuwa, wanda ku yaran yanzu kuke cakuɗa shi da waɗannan saboda kun ji sunan a intanet, na hayaƙin dizal ne, kuma masu bincike na wata jami'a a West Virginia ne suka ɗaura wa motocin na'ura suka fita da su titi har asiri ya tonu.

Ko da kamfani bai yi maguɗi ba, adadin da yake bayarwa a ɗakin gwaji aka samo shi, inda ake ɗora tayoyin mota a kan wasu ƙarafa masu juyawa, tana gudu alhali ba ta gusa daga inda take ba. Tsohon gwajin Turai, wanda aka fara maye gurbinsa da sabo a Satumban 2017, tafiya ce ta kilomita 11 cikin kusan minti 20, na'urar sanyaya mota a kashe, zafin ɗakin bai wuce digiri 30 ba. Ka ɗauki wannan ka aza shi kusa da cunkoson Kofar Ruwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mutum shida a mota, buhun shinkafa biyu a but, ka gaya mini yadda za a yi alƙaluma su dace. Camry 'yar 2009 mai silinda huɗu, takardar Amurka ta ba ta mil 21 a galan cikin gari da 31 a babbar hanya, wato kusan kilomita 9 da kilomita 13 a lita, tunda galan na Amurka lita 3.8 ne, mil ɗaya kuma kilomita 1.6. Idan ta ba ka ƙasa da haka da ɗan kaɗan a titinmu, babu wanda ya cuce ka.

Yadda ake duba baƙin mai, da sauraron inji, da gane fentin da aka sake, ba zan ɓata lokacina a kansu ba. Wanda ya shekara uku a garejina bai iya waɗannan ba, gara ya koma sayar da katin waya. Ƙaryar kamfani ta mil biyu ce, kuma akwai hukumar da za ta ci shi tara. Ƙaryar dila ita ce ta ci mini fuloti.

A 2013 ne, lokacin ana sayar da litar fetur naira 97. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwar Kantin Kwari wanda na shekara goma sha ɗaya ina gyara motocin gidansa, mutumin da ko taya zai canza sai ya tambaye ni. Ya ce in nema masa mota mai tsimin mai, domin yana yawan zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna. A makon nan wani dila da muke salla a sahu ɗaya, wanda na halarci sunan 'ya'yansa biyu, ya shigo da motoci daga Kwatano, a cikinsu har da Camry 'yar 2009, ruwan toka, tana ƙyalli, kyan ɗan maciji. Mita ta nuna mil 41,000. Ya miƙo mini takardar tarihin motar da aka bugo daga intanet, wadda ta ce mai ita ɗaya ne a Amurka kuma ba ta taɓa haɗari ba. Na buɗe bonet, na ga inji tsaf, na tuƙa ta zuwa Dawanau na dawo, giya tana shiga kamar ana zuba ruwa. Abu ɗaya ne ya taɓa mini rai: ƙamshin turaren da aka fesa a cikinta ya yi yawa, har yana hawa kai, kuma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani ɗan wari kamar na tabarmar da ta kwana a ruwan sama. Hancina ya gaya mini, na ƙi ji, domin takarda tana hannuna kuma mutumin da ya ba ni ita na san gidansa. Alhaji ya biya naira miliyan 2.4, aka ba ni la'ada dubu talatin, na yi godiya har da durƙusawa.

Mako uku bayan nan Alhaji ya kira ni ya ce motar ta sha masa sama da lita 30 daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar da ba ta wuce kilomita 230 ba, wadda bai kamata ta kai lita 20 ba. Na canza filogi, na wanke nozul, na sa sabuwar matatar iska, duk daga aljihuna saboda kunya. Babu abin da ya sauya. Daga nan gilasan ƙofa suka fara sauka da kansu, hon ya yi ta kuka da tsakar dare a gidan Alhaji har maƙwabta suka fito da sanduna. Ranar da aka jawo mini ita na kwance kujerar gaba na ɗaga kafet, abin da ya kamata in yi tun a wurin dila cikin minti goma. Busasshen taɓo ne kwance a ƙasa, da wani farin ɓawo na gishiri, soket-soket na wayoyi duk sun yi kore, in ka taɓa sai su marmashe a yatsa. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, na ga layin da ruwa ya tsaya a jikinsa kamar an ja da biro. A watan Oktoban 2012 guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin New York da New Jersey, motoci bila adadin suka nutse, kamfanonin inshora suka biya masu su suka tura gawarwakin gwanjo, kuma daga gwanjon nan wasu suka hau jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ruwan gishiri ba ya kashe mota rana ɗaya, cin wayoyi yake yi a hankali, shi ya sa ta yi mini ladabi a hanyar Dawanau.

Ban gama baƙin cikin wannan ba, sai na leƙa ƙasa na ga an yanke salansa an sake walda, an kwashe abin tace hayaƙin da muke kira indomi an sayar. Na'urar da ke auna hayaƙi ta mutu, ƙwaƙwalwar mota tana ta zuba mai ba lissafi, fitilar gargaɗin inji kuma an liƙe ta da baƙin tef ta bayan dashbod don kada ta tona asiri. A jikin ginshiƙin ƙofar direba na kankare datti na tarar da 'yar takardar juyen mai ta wani gareji a Amurka, an rubuta mil 118,000. Da na ɗauko takardar tarihin na jera lambar shasi, harafi da lamba goma sha bakwai, kusa da wadda ke ƙasan gilashin gaba, sai na ga uku na ƙarshe sun bambanta. Takardar gaskiya ce, amma ta wata motar ce.

Na je wurin dila da takardar a hannu ina rawar jiki. Bai ko tashi daga kan bencinsa ba, ya ce mini, "Malam, kai ne makanike, kai ka duba ka ce ta yi." Alhaji kuwa bai ɗaga mini murya ba, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ni ne na rataye. Na sayar da fulotin da na saya don gina wa iyalina gida, na mayar masa da kuɗinsa cif, na karɓi motar na yanka ta kayan gyara, da ƙyar na haɗa dubu ɗari tara. Har yau idan muka haɗu da Alhaji a ɗaurin aure muna gaisawa da mutunci, amma ko keken jikansa bai sake kawo mini ba. Dilan nan kuma ya sauke farali sau uku tun daga lokacin, har yanzu a sahuna yake salla, ni ne nake canza wuri.

Saboda haka idan aka kira ka duba mota, ka fara da jera lambar shasi ta takarda da ta gilashi da ta jikin ƙofa, harafi bayan harafi, ko da mai motar wan babanka ne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka ga duk fitilun dashbod sun kama, domin wadda ta ƙi kamawa ita ce take da labari. Ka sa hannu ƙarƙashin kafet da ramin tayar safaya, ka dubi robar birki da fatar sitiyari, tunda motar da ta yi mil dubu arba'in ba ta sulɓe roba. Shan mai kuwa awo ɗaya na yarda da shi: a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ƙaramar mita sifili, a yi tafiya mai nisa, a dawo gidan man nan kuma famfon nan, saboda famfunanmu ma ba dukansu ke tsoron Allah ba, a sake cikawa, a raba tafiyar da litocin da suka shiga. Ka tuna motar Amurka mil take ƙirgawa. Na ga yaro a garejin nan ya karanta mil a matsayin kilomita, ya sa mutum ya sayar da lafiyayyar mota da asara. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane mai mota ya zama malamin lissafi, kuma kuskuren lita ɗaya ba za a yafe maka shi ba.

Na san za ka ce yanzu akwai na'urar da ake jonawa ta karanto matsalar mota. Akwai, kuma ni na saya muku ita, amma dila ma yana da irinta, yana goge duk abin da ta ajiye da asuba kafin ku iso kuna danna waya kuna jin kun zama injiniyoyi. Ku yaran yanzu ba kwa son durƙuso, ba kwa son wandonku ya taɓa ƙasa, sai ku zagaya mota sau biyu kuna ɗaukar ta bidiyo ku ce ta yi. Gobe da ƙarfe takwas za a kawo wata Corolla daga Legas wadda wani malamin makaranta yake son saye da kuɗin sallamarsa. Kai za ka duba ta, ni zan zauna a kan benci ina kallo, kuma ka zo da tocila da sifana mai lamba goma sha huɗu, domin kujerar gaba za ka fara kwancewa.