Ku tambaya mu amsa: wata huɗu ba albashi, kuma ba takarda a hannuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Garwa, ba gwamnati ta ɗauke ni ba, ƙungiyar iyayen yara ce wato APEE ke biyana, mun yi magana da shugabansu da direktan makaranta a kan sefa dubu 30 duk wata amma da baki ne kawai ba mu rubuta komai ba, yau wata huɗu ko sisi, in na yi magana sai a ce iyaye ba su biya ba. Dan Allah ina da haƙƙi ko shi ke nan na yi aikin Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da ladan alli. Kana da haƙƙi mana. Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta yarda da kwantiragin baki, kuma ta ce ana iya tabbatar da shi ta kowace hanya, don haka rajistar kiran suna da ka cika da hannunka, littafin darasi da direkta ya sa wa hannu, saƙon WhatsApp da shugaban ya ce maka "ka yi haƙuri sai ƙarshen wata", duk shaida ne, kar ka goge ko ɗaya.

Amma ka san wa kake bi bashi. Ba ma'aikatar ilimi ba ce, ba ka da matirkil wato lambar ma'aikacin gwamnati, direkta ma ba shi ya ɗauke ka ba. APEE ce. Tun 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, amma malamai ba su isa ba, shi ya sa iyaye ke haɗa kuɗi su ɗauki irinku, to asusun nan a Satumba da Oktoba yake da nauyi, kafin Maris ya zama fanko. Nan ne kuskurenku yake, ku malaman iyaye, kuna jin kunyar maganar kuɗi a farkon shekara sai aljihu ya bushe sannan ku fara zarya.

Yanzu dai ka nemi a zauna, kai da shugaban da ma'aji, direkta ya zama shaida, in da hali a kira lawan ko jauro don maganar da aka yi gabansu ba a cika tashinta ba. A rubuta bashin, dubu 120, da ranar biya ko da kashi-kashi ne, kowa ya sa hannu. In akwai wasu malaman da ke bin nasu ku je tare, mutum ɗaya ana sallamarsa da "Allah ya kawo".

In sun ƙi, ka je wurin sufeton aiki a Garwa, shi zai fara gwada sulhu, in bai yiwu ba ya ba ka takardar rashin sulhu ka tafi kotu da ita, kuma shari'ar aiki kyauta ce. Kar ka yi sanyi, bashin albashi shekara 3 ne wa'adinsa.

Wani abu kuma, tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin aikinka dubu 60 ne a doka. Na san ba APEE ɗin ƙauye da za ta iya, ban ce ka je ka tayar musu da hankali ba, amma ka ambata shi a zaman, su san rabi ma kake karɓa. Satumba mai zuwa kuma kar ka taɓa alli sai an rubuta ko wata nawa za a biya, 9 ne ko har da hutu.