Zafin inji a Sakkwato: kada ka bari a cire tamostat kafin a duba fanka

Assalamu alaikum Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce motarka Toyota Corolla ƙirar 2005 tana ɗaukar zafi da rana idan ka shiga cunkoso a cikin gari kuma esi yana kunne, amma da zarar ka hau hanyar Birnin Kebbi ka ba ta wuta sai allurar zafin inji ta koma tsakiya, kuma makanikenka ya ba da shawarar a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗumama, a haɗa fanka kai tsaye da makulli. Na daɗe ina riƙe da irin wannan mota a nan Sakkwato, kafin ita kuma na yi shekaru ina jigilar fasinja zuwa Illela, saboda haka ina roƙonka ka dakata da wannan aikin har sai an yi bincike, domin bayanin da ka bayar da kanka bai nuna laifin tamostat ba.

Lagireto ba ya sanyaya ruwa sai iska ta ratsa shi. Idan mota tana gudu a kan babbar hanya, iskar da take karo da ita ta wadatar, amma idan tana tsaye a shataletale ko a bakin babbar kasuwa, babu mai jawo iska sai fanka kaɗai. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje tana nuna cewa ruwa yana zagayawa, iska ce ta yi ƙaranci. Da tamostat ne ya maƙale a rufe, da zafin zai ƙaru ne a kan hanya, lokacin da inji ke aiki da ƙarfi. Don haka ka fara da abu mai sauƙi: ka ta da mota, ka kunna esi, ka buɗe bonet ka duba ko fankar tana juyawa, kuma da wane ƙarfi. Sau da yawa ba ta mutu gaba ɗaya ba, gawayin cikin ɗan injin lantarkin da ke juya ta ne ya cinye, sai ta riƙa juyawa a hankali, mai kallo ya ɗauka lafiya take. Idan ba ta motsi sam, mai wayarin zai duba fiyus da rile da soket ɗin da ke shiga jikinta, sannan ya ba ta wuta daga batir ya ga ko za ta tashi. A kuma tabbatar tana jawo iska zuwa wajen inji, domin na taɓa ganin motar da aka sauya wa fanka aka juya wayoyin, tana tura iska gaba, mai ita yana ta sayen lagireto a banza.

Bayan fanka sai tsakanin kondensar esi, wadda ke gaban lagireto, da shi lagireton. Ƙurar hunturu da ke sauka mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙaiƙayi da guntayen leda, suna taruwa a wannan lungun inda ido ba ya kaiwa, kuma ba a gane illarsu sai bazara ta kama, a Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40. A wanke wurin da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, kada a sa injin wankin mota mai matsi, domin yana lanƙwasa siraran ƙarafan da iska ke bi.

Game da tamostat kuwa, ina so na ɗan tsaya, domin cire shi ya zama al'ada a garejinmu, har wasu suna yi wa mota 'yar Kwatano hakan tun ranar da ta iso, bisa hujjar cewa an yi shi ne don ƙasashe masu sanyi. Wannan hujja ba daidai ba ce. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 85 zuwa 100, kuma tamostat na irin motarka yana fara buɗewa a wajen digiri 82. Da zarar ya buɗe sosai ba ya hana ruwa wucewa, saboda haka lafiyayyen tamostat ba ya jawo zafi ko da a tsakiyar Afrilu ne. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar mota kuma tana ƙara fetur muddin tana ganin inji da sanyi, sai shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, ragowar fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Akwai kuma abin da ba a cika sani ba: a injuna da yawa tamostat ɗin ne ke toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba, idan babu shi wani kaso na ruwan zafi zai yi ta kewayawa a ciki bai huce ba. Idan ana zarginsa, gwajinsa ba shi da wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, lafiyayye zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, wanda ya ƙi buɗewa kuma a sayi sabo mai lamba iri ɗaya. Haɗa fanka kai tsaye dabara ce ta fita daga daji zuwa gari, amma barinta haka yana gajiyar da fankar kuma yana ɓoye ainihin cutar.

Ka duba murfin lagireto ma, duk da ƙanƙantarsa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin yana riƙe matsi, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, kuma wannan matsin ne ke ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana tserewa ta robar ajiya, kai kuma kana ƙarawa kullum ba ka ga inda yake zuba ba.

Ba ka faɗi irin ruwan da kake zubawa ba, amma yawancinmu na rijiya ko na burtsatse muke sawa, wani lokaci fiyawata. Ƙasarmu tana da farar ƙasa, wadda ita ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan ƙasa yana barin farin dasashi a cikin bututun lagireto, kamar wanda ake gani a gindin butar shayi da ta daɗe a kan wuta. Ga kuma tsatsa da ke cin fuka-fukan famfon ruwa. Kulant na gaske yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa kuma yana ƙara jinkirta tafasa. Idan mai kauri ka saya, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba, kuma kada a gauraya kala biyu. Kafin a zuba, a wanke tsohon ruwan tas, bayan an zuba kuma a bar inji yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar jikin inji, domin kan silindar motarka na alminiyam ne, kuma zafi mai tsanani sau ɗaya yana iya lanƙwasa shi. Da safe kafin ka ta da mota, ka buɗe murfin lagireto, ka ta da ita ka duba ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ka zaro sandar auna baƙin mai ka ga ko ya yi fari-fari, ka kuma lura ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, da izinin Allah aikinka ƙarami ne, kada ka yarda a sauke kan inji.

Kafin a gyara, duk lokacin da allurar ta wuce tsakiya ka kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe ko da za ka sha gumi, domin tana janye zafi daga inji, sannan ka nemi inuwa ka tsaya. Kada ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla rabin awa, saboda tururinsa yana sale fuska da hannu, kuma kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi. Idan ka duba fankar, ka sanar da mu yadda ka same ta da kuma kalar ruwan da ke cikin lagireton, sai mu san inda za a dosa daga nan.