Fawa Saflai Ya Mutu, Sabon Fis Ma Ya Ƙone: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a gyaran kayan lantarki, ina koyo a nan Gombe. An kawo mini fawa saflai mai bolt 12, amfiya 5, irin mai gidan ƙarfen nan da ake haɗa wa kyamarorin tsaro. An ɗauke wuta, ana dawo da ita bai sake tashi ba. Na buɗe na tarar fis ya yi baƙi ƙirin, na sa sabo, ina jonawa ya yi tas. Mita da ayon ɗin narka dalma kawai gare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara sa wani fis tukuna. Fis ba ya yin baƙi haka kawai. Akwai abin da ya haɗe a bayansa, shi kuwa ya tsinke ne don kada wuta ta tashi. Masu naɗa masa zaren waya su ce sun gyara, fanel ɗin, wato allon da kayan ke manne a kai, gaba ɗaya suke ƙonawa.

Amma fara da tsare ranka. Irin wannan fawa, wanda masu gyara ke kira SMPS, yana karɓar bolt 230 na soket ya mayar da shi kusan bolt 325 na DC, ya tara a cikin babban kafasiton nan mai rubutun 400V ko 450V. Ko ka zare waya, cajin yana iya zama a ciki, musamman a fawan da ya kasa tashi, tunda babu abin da ke janye shi. Ka sauke shi da rizisto mai kilo-om 10, wat 5, ko da kwan fitila mai zare, sannan ka auna da mita ka ga ya dawo ƙasa da bolt 5. Kada ka haɗa ƙafafunsa da sukudireba; tartsatsin yana cin layin jan ƙarfen fanel.

Yanzu juya fanel ɗin. Za ka ga wani fili da babu layi ya raba shi biyu, taransifoma da wani ɗan abu mai ƙafa huɗu, galibi PC817, sun tsallaka shi. Ɓangaren da wutar soket ke shiga shi ake kira mai zafi, wato mai babbar wuta, ɗayan da bolt 12 ke fita mai sanyi. Matsalarka tana ɓangaren zafi.

Sa mita a alamar dayod, wuta a cire. Dayod huɗun da ke bayan fis, ko dunƙulen da ya haɗa su, kowanne ya nuna tsakanin 0.5 da 0.7 ta gefe ɗaya, in ka juya tsinken mita ya nuna babu hanya. Wanda ya nuna sifili ta kowane gefe ya mutu. Duba baristo, faifan nan shuɗi kusa da fis. Aikinsa shanye wutar da ta zo da ƙarfi, kuma tunda abin ya faru ne lokacin dawowar wuta, yana iya zama shi kaɗai ya tsage ya haɗe. In haka ne ka yi sa'a. In ba haka ba, je kan MOSFET, wato taransisto mai ƙafa uku da ke kunna wuta da kashe ta, wanda ke manne da ƙarfen sanyaya, ka auna tsakanin ƙafar tsakiya da ta dama. Idan mita ta yi ƙara ta kowane gefe, cire shi daga fanel ka sake aunawa, don wani lokaci maƙwabcinsa ne ke ruɗin mita.

A nan sababbin shiga ke asarar kuɗi. MOSFET ba kasafai yake mutuwa shi kaɗai ba. Idan ya haɗe, bolt 325 ɗin nan yakan bi ta ƙafar get, wato ta hagu, ya kashe ƙaramin rizistonta, mai om 10 zuwa 47, ya tsinka riziston da ke ƙafar sos, wato ta dama, wanda bai kai om 1 ba, kamar 0.33, sau da yawa har ya tafi da IC, ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa da ke tuƙa MOSFET ɗin. Ka sauya MOSFET kawai ka bar waɗannan, sabon ba zai yi daƙiƙa ɗaya ba. Kuma ka nemi mai jure bolt 600 ko sama, kada mai shago ya ba ka wani don kawai jikinsu ɗaya.

Abin da zai hana ka sayen fis goma shi ne kwan fitila mai zare, wat 60 ko 100. Na LED ba ya yi. Ya yi wuyar samu yanzu, amma ka tambayi masu kayan lantarki a kasuwa. Jona shi a gurbin fis, wutar ta ratsa ta cikinsa kafin ta shiga fanel. Idan ya yi walƙiya sau ɗaya ya dushe, kafasito ne ya cika, babu haɗewa. Idan ya tsaya da haske sosai, har yanzu akwai abin da ka bari, kuma kwan ya shanye wutar, babu abin da zai fashe. Kada ka ɗora wa fawan kaya mai nauyi lokacin wannan gwaji.

To, a ce kwan ya dushe amma bolt 12 bai fito ba. Auna babban kafasito, baƙin tsinke a ƙafarsa ta ragi, ba a jikin ƙarfen gida ba, hannu ɗaya kawai, takalmin roba a ƙafa. In akwai bolt 300 da wani abu, to IC ne bai samu abin tashi ba. Idan IC ɗin mai lamba UC3842 ne, ƙafarsa ta 7 sai ta kai bolt 16 yake farawa, ta sauka ƙasa da 10 ya tsaya. Wutar farko tana zuwa masa ta wani babban rizisto, daga kilo-om 100 zuwa sama, wanda yakan tsinke ba tare da ya nuna ƙuna ba. Kusa da shi akwai ɗan kafasito mai 22µF ko 47µF, 50V. Wannan sauya shi kawai, ko da ya yi kyau a ido. Zafin Maris da Afrilu na Gombe, a cikin akwatin da ƙurar hunturu ta toshe wa huji, yana busar da shi, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanan irin wannan kafasito. Sayi mai rubutun 105°C.

Idan kuwa kana jin "tik, tik, tik", fawan yana tashi ne yana faɗuwa, saboda haka koma ɓangaren sanyi. Dayod ɗin fita yakan nuna 0.15 zuwa 0.4, wannan lafiyarsa ce, amma sifili haɗewa ne. Kafasiton da samansa ya kumbura ko ya yi tsatsa shi ma ya tafi.

Sai bolt 12 ya tsaya cak sannan ka cire kwan, ka sa fis mai lamba ɗaya da wadda aka rubuta a fanel, har da harafin T idan akwai shi, wato mai jinkirin tsinkewa. Daga nan gwada shi da kwan mota mai wat 21 na minti 15, ka cire wuta, ka sauke caji, ka taɓa ƙarfen sanyaya ka ji ko hannu zai iya jure zafinsa.