Guba a Cikin Gida: Yadda Ingila Ta Riƙa Kama Masu Sa Ta a Ƙarni na 19

Tambaya: Na ji cewa a da can a Ingila an rataye mutane da dama saboda sun kashe iyalansu da guba a abinci. Ta yaya ake gane guba ce, tunda babu kayan gwaji irin na yau?

Amsa: Gubar da ta fi ɓarna a lokacin ita ce arsenik. Farin gari ne da ake sayarwa a kanti da araha a matsayin maganin ɓera, kuma alamominsa, amai da gudawa da ciwon ciki, sun yi kama da na kwalara, wadda ke ta ɗibar mutane a wancan zamani. Likita sai ya rubuta ciwon ciki, a binne mamaci, shi ke nan.

Abin ya sauya ne a 1836, lokacin da James Marsh ya fitar da gwajinsa. Ana zuba abin da aka ciro daga cikin mamaci a kwalba tare da zinki da asid. In akwai arsenik, wata iska za ta taso. A kunna mata wuta, a kara farantin tangaran mai sanyi a kan harshen wutar, sai baƙin tabo mai ƙyalli ya fito. Tabon ba ya gogewa da kansa, ana iya kai shi kotu a nuna. Arsenik kuma ba ya ɓacewa daga gawa, don haka ko an daɗe da binnewa ana iya tonowa a gwada.

Sai dai gwajin kan yi ƙarya idan kayan aikin ba su da tsabta. A shari'ar Thomas Smethurst a 1859, masani Alfred Swaine Taylor ya yi wani gwaji na daban da jan ƙarfe, ya ce ya ga arsenik, ashe daga jan ƙarfen nasa ya fito. An yanke wa Smethurst hukuncin kisa, daga baya aka yi masa afuwa.

Majalisa ma ta sa hannu. Dokar 1851 ta tilasta wa mai kanti ya rubuta sunan mai saye a littafi, kuma a cakuɗa garin da kunkunniya ko shuni domin kada ya saje da fulawa ko sukari.

Wadda sunanta ya fi fita ita ce Mary Ann Cotton ta yankin Durham. Ana zarginta da mutuwar kusan mutum 20, ciki har da mazajenta da 'ya'yanta, kuma ta sha karɓar kuɗin inshora bayan rasuwa. Amma kan rai ɗaya aka same ta da laifi, ɗan mijinta Charles Edward Cotton mai shekara 7. Lauyanta ya ce yaron ya shaƙi gubar ne daga koriyar takardar bango, wadda da gaske akan yi launinta da arsenik, kotu ba ta yarda ba. Tana da ciki lokacin da aka kama ta, sai aka jira ta haihu kafin a fara shari'ar. An rataye ta ranar 24 ga Maris 1873 a cikin gidan yari, domin tun 1868 an daina rataya a bainar jama'a.

Kada a ɗauka mata kaɗai ne. Likita William Palmer ma an rataye shi a 1856. Labarin mace ne dai ya fi sayar da jarida.

Shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Florence Maybrick a Liverpool a 1889, wadda aka zarga da kashe mijinta da arsenik. An tabbatar ta jiƙa takardar kashe ƙuda mai arsenik, ta ce don gyaran fata ne, mijin kuwa shi da kansa yana shan arsenik a matsayin maganin ƙarfi. A ganinmu hujjar ba ta kai ta rataya ba. An yanke mata hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai, ta fito a 1904. A lokacin babu kotun ɗaukaka ƙara kan manyan laifuka, sai a 1907 aka kafa ta. Rataya kan kisan kai kuwa an dakatar da ita a Birtaniya a 1965, aka tabbatar da sokewar a 1969.