Ga ƙanwata da aka tura teburin kati na sashen gaggawa

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da dare, ina bakin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce kin gama karatun adana bayanan lafiya, an ɗauke ki aiki, sai aka tura ki teburin kati na imajansi, gabanki yana faɗuwa, wasu kuma suna ce miki ai rubuta suna ne kawai. Shekarata 11 a kan wannan teburin a wani babban asibitin gwamnati, don haka bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Wanda ya ce miki rubuta suna ne kawai bai taɓa kwana a wurin ba. A shekarata ta biyu, wani dare aka kawo mata biyu, tsakaninsu bai kai awa ɗaya ba. Sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, dukansu jini ya yi musu ƙasa. Aka ɗebi jininsu aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya dawo, sai aka sa takardar wannan a fayil ɗin waccan. Allah Ya taimaka nas ɗin da ke kan aiki mai lura ce, kafin a ɗaura ledar jini ta duba lambar asibiti, wato lambar da ake ba kowane mara lafiya, ta ga ba ta yi daidai da ta jikin katin ba. Ta kira ni, muka tsaya mu biyu muna kallon takardun, hannuna yana rawa. Da an ƙara wa matar nan jinin da ba rukuninta ba, Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare. Tun daga ranar ban ƙara yarda da suna shi kaɗai ba. A ƙasarmu, Aisha Muhammad da Musa Ibrahim sai ki samu uku a ɗaki guda. Ki rubuta suna uku idan akwai, ki haɗa da unguwa, ki tabbata lambar asibiti tana kan kowace takarda da ta fita daga hannunki. Idan suna ya zo ɗaya, ki ja layi da jan biro a bangon fayil, ki je da ƙafarki ki faɗa wa nas.

Amma duk da haka, kada kati ya taɓa tare wa mara lafiya hanya. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Wanda aka shigo da shi yana zubar da jini, ko numfashi yana sarƙe masa, ko yaro yana jijjiga, ba a tsayar da shi a gaban tebur. Ki ɗaga murya ki kira nas, a wuce da shi, ke ki ɗauki rajista ki bi su bakin gado, ko ki ja ɗan'uwansa gefe ki yi tambayoyinki. Doka ma tana bayanki. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum agajin gaggawa bisa kowane dalili. Akwai kuma dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga: a karɓe su a fara magani ko babu takardar 'yan sanda, asibiti ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara maganin. Har yau za ki ji wani yana cewa "ku kawo rahoton 'yan sanda tukuna". Kada wannan maganar ta fito daga bakinki. Maganar kuɗin kati da ta inshorar lafiya, ko ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ce ko ta jiha, duk za a yi su, amma bayan an tsayar da jinin.

Daren da ya fi wuya shi ne na haɗarin mota. Jami'an kiyaye haɗurra su tsaya da motarsu, a fara sauke mutane, wasu ba sa magana, babu mai su. A nan za ki gane amfaninki. Kowa sai ya samu lamba ko ba a san sunansa ba. Ni abin da nake yi, in rubuta "ba a san shi ba, na 1", "na 2", in sa lambar a filasta a manna a hannunsa, sannan in rubuta kamanninsa a rajista: namiji, matashi, shuɗiyar shadda, zube biyu a kumatu. Abin da aka samu a aljihunsa, waya ko kuɗi ko katin shaida, a ƙirga a gaban nas da mai gadi, a rubuta, kowa ya sa hannu. Na taɓa zama da wayoyi huɗu a aljihun teburina, ɗaya tana ta ƙara, an rubuta "Umma" a fuskarta, mai wayar kuwa an riga an lulluɓe shi. Ban ɗauka ba sai da likita ya zo kusa, don ba aikinmu ba ne sanar da mutuwa. Abin da na faɗa wa baiwar Allah shi ne ɗanta yana asibiti, ta zo da wani babba namiji. Washegari da safe da wannan kwatancen na shadda da zube wasu iyalan suka gane nasu.

Tambaya ma sai da dabara. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, wata ko na ɗan farinta ba za ta kama ba, kada ki matsa mata, ki tambayi wanda ya rako ta. Dattijon da bai san shekarunsa ba, ki ce "Baba, lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira kana da wayo?" Wannan 1973 ke nan. Ko ki tambaye shi rasuwar Janar Murtala a 1976, ya yi aure ko bai yi ba. Daga nan sai ki ƙiyasta, ki nuna a katin cewa ƙiyasi ne. Adireshi kuwa, "bayan masallacin Juma'a" bai isa ba, ki nemi sunan unguwa da na mai unguwa, ki karɓi lambar waya biyu.

Lokacin isowa ki rubuta shi daidai, awa da minti. Fayil ɗin wanda aka sara ko aka harba ko aka yi wa fyaɗe yana iya zuwa kotu bayan shekaru, rubutunki za a karanta. Ko asibitinku na aiki da kwamfuta, kada ki rabu da rajistar takarda, wuta tana ɗaukewa, intanet yana tsayawa.

Sai riƙe sirri. Za ki ga maƙwabcinki, za ki ga ƙawar yayarki an kawo ta cikin halin da ba ta so a sani. Abin da kika gani a teburin nan ya tsaya a nan, ko a gida kada ki ba da labari da suna. Ɗan jarida ko mai ɗaukar hoto da waya, ki tura shi wurin shugabanni.

Za a yi miki tsawa, wani ma ya zage ki. Yawancinsu ba ke suke nufi ba, tashin hankali ne, uba ne ya sungumo ɗansa a kafaɗa. Ki ce "Sannu Baba, likita yana kansa, ba ni sunansa in kai musu." Sau da yawa mutumin nan zai dawo ya ba ki haƙuri. Wanda ya ɗaga hannu kuwa, ki kira mai gadi nan take.

Tsoron jini da kika ambata, makon farko zuwa na biyu ne, yana raguwa. Ki ci abinci kafin aikin dare, ki sa takalmi marar tsini, ki riƙa wanke hannu, don katin da ake miƙo miki wani lokaci da jini a jikinsa. Ki nemi a yi miki allurar rigakafin ciwon hanta idan ba ki yi ba. Rajistarki da HRORBN, hukumar da ke yi wa ma'aikatan adana bayanan lafiya rajista, ita ma kada ki bari ta kwana. Kafin ki tashi kowace rana, ki zauna da mai karɓar ki minti biyar, ki nuna mata fayil ɗin da ba a kammala ba da waɗanda har yanzu ba a san sunansu ba. Idan kin yi kwananki na farko, ki dawo nan ki faɗa mana yadda kika kwana. Allah Ya ba ki sa'a, Ya sa ki fara a sa'a.