Anti, ga dalilin da ya sa muka maƙale wa Kamisama Kiss

Assalamu alaikum 'yan guruf. Anti barka da dare, sai yanzu na ga saƙonki. Toh kin ce wai me muke gani a wannan katun ɗin na aljanu da muka cika guruf da hotunansa tun jiya, ni dai yadda na fahimci maganar taki, so kike ki ji ko ya kai a ƙona masa data, sannan in yara sun ɗauki wayarki sun gani akwai matsala ko babu. Zan amsa miki duka biyun amma ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, don wallahi wannan ba abin da zan yi wa amsar layi biyu ba ne.

Da farko dai sunansa Kamisama Kiss, can Japan suna ce masa Kamisama Hajimemashita. Asalinsa manga ne, wato littafin zane, wata mata Julietta Suzuki ce ta rubuta, ya fara fita a mujallar Hana to Yume a 2008 bai ƙare ba sai 2016, littafi 25. Sai kamfanin TMS suka mai da shi anime, wato katun irin na Japan, sizin na farko a 2012 kashi 13, na biyu a 2015 kashi 12, kuma wanda ya ba da umarni Akitaro Daichi shi ne ya yi Fruits Basket na 2001, waɗanda suka kalli wancan za su gane hannunsa, mutumin nan ya iya sa ki dariya yanzu-yanzu kafin ki rufe baki ya sa miki ƙwalla.

Yarinyar sunanta Nanami, 'yar sakandare ce, uwarta ta rasu, ubanta ɗan caca, bashi ya yi masa katutu ya tsere ya bar ta, aka zo aka fitar da ita daga gidan da jakarta. Tana zaune a wani lambun shaƙatawa da dare ba ta san inda za ta kwana ba sai ta ji wani mutum yana ihu a kan bishiya, babban mutum fa, kare ne ya kora shi sama. Ta kore karen, ya sauko suka yi hira ta gaya masa halin da take ciki, ya ce ai shi yana da gida ya bar mata, ya zana mata taswira a takarda ya sumbace ta a goshi ya tafi abinsa. Ta bi taswira ta je ta tarar ashe wani tsohon ɗakin bauta ne irin nasu na addinin Shinto, shi kuma mutumin, Mikage, shi ne mai wurin, shekara 20 ke nan da ya fita bai dawo ba, kuma wannan sumbar ta goshi muƙaminsa ya miƙa mata ba ta sani ba. A gidan akwai Tomoe, aljanin dila ne, siffar mutum gare shi amma da kunnuwa da jela da farin gashi, shi ne hadimin Mikage, shekarunsa ɗaruruwa, a zamanin da ko aljanu 'yan uwansa tsoronsa suke. Ya kalli yarinyar nan sama da ƙasa ya ce shi ba zai yi wa wannan aiki ba, ya fice.

Toh Anti a nan ne nake so ki tsaya. Mutane suna cewa ai don Tomoe kyakkyawa ne shi ya sa 'yan mata ke so, eh yana da kyau ba musu, amma kyawawa nawa ne a anime da muka kalla muka manta da su? Ni abin da ya riƙe ni shi ne duk wanda ke gidan nan wani ya tafi ya bar shi. Ita ubanta ya bar ta. Shi Tomoe ubangidansa ya ce zai je gari ya dawo, shiru shekara 20. Kuma kin san me ya yi a shekarun nan? Akwai wasu ƙananan aljanu biyu masu abin rufe fuska, Onikiri da Kotetsu, su suka ɗebo wa Nanami tulin littattafai suka ajiye a gabanta, ashe duk wanda ya zo wurin ya yi roƙo, tsohuwa ce, mai neman miji ce, Tomoe yana rubutawa da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, yana shara yana cire ciyawa yana gyara rufi, wai don in Mikage ya dawo ya karanta. Mutumin da bakinsa ba ya furta alheri fa ke nan. Daga nan na san wannan ba mugun hali ne da shi ba, ciwo ne, kuma duk masifar da zai yi bayan nan da wannan idon za ki dinga kallonta.

Sannan ga inda dariyar take. Dokar wurin ita ce hadimi ana ɗaure shi ne da sumba, kuma da zarar an ɗaure duk umarnin da ta ba shi da gaske jikinsa sai ya bi ko yana so ko ba ya so. Wata mayya ta biyo Nanami ta hau bishiya tana neman faɗowa, Tomoe ya zo ya tsaya yana kallo yana jin daɗi, ya ce ta roƙe shi, ta ce ita wawuya ce sannan ya cece ta, yarinyar nan ta ƙi, ta gwammace ta faɗo, tana faɗowa ta fizgo shi ta ɗaure shi da ƙarfin tsiya ta ce cece ni. Shi ke nan fa. Wanda da ake jin sunansa a gudu ya koma dafa abinci da wanki da haɗa mata kwanon makaranta, yana yi yana mita, kamar irin kakar nan da ke riƙon jika, bakinta na zagi hannunta na ƙara miki nama a kwano. Ya san ba ta son laimar kwaɗin nan tasu shiitake, in ta ɓata masa rai sai ya cika abincin da ita. Akwai wani Kurama, aljanin hankaka ne daga dutse amma ya shigo gari ya zama mawaƙi 'yan mata na ihu a kansa, ya zo zai cuci Nanami, Tomoe ya mai da shi jimina yana ta tsere a cikin makaranta, wallahi wannan wurin ko sau nawa na maimaita sai na yi dariya.

Amma ba a kan dariyar kawai suke tafiya ba, kuma nan ne aljancin yake da amfani. Kin ga finafinan soyayya da yawa abin da ke raba masoya ba ya wuce rashin fahimta, ta gan shi da wata ashe ƙanwarsa ce, a ja mu kashi 10 a kan abin da waya ɗaya za ta warware, ni abin nan yana ƙona min rai. A nan kuwa katangar ta gaske ce. Ita mutum ce za ta tsufa ta mutu, shi yana nan yadda yake, kuma ya san haka sarai, shi ya sa yake ta nanata cewa mutum abu ne mai rauni, taɓa shi kaɗan ya karye. Ranar da ta gaya masa tana son sa, bayan sun je gidan kallon kifi, suna saman wani dogon bene, bai ɓoye ba ya ce a'a. Ta suɓuce ta faɗo daga benen, ya biyo ta zai cafe, ita kuma cikin kuka ta ce kar ka taɓa ni, kuma kin tuna umarninta ɗaure shi yake, toh ga shi yana faɗowa tare da ita hannunsa ya kasa kai wa gare ta yana roƙonta ta janye maganar. Dokar nan da muke ta dariya a kanta tun kashi na farko ita ce ta dawo ta zama abin tashin hankali. Wannan shi ake kira iya rubutu.

Kuma bari in gaya miki wanda ya fi taɓa ni duk cikinsu, ba ma Tomoe ba ne, Mizuki ne, 'yan guruf sun gaji da jin sunansa a bakina amma sai na faɗa. Farin maciji ne. Yara maza suna tsokanarsa a makaranta Nanami ta ƙwace shi ta sake shi, ya bar mata alama a hannu, ashe alamar baiko ce, ya zo ya sace ta ya kai ta gidansa wai aure. Za ki ce ga mugu ya zo. Sai ki ga gidan nasa ɗakin bauta ne da ke ƙarƙashin ruwa, an gina dam mutanen ƙauyen duk sun tashi, uwargijiyarsa Yonomori da babu mai zuwa wurinta sai ta ɓace, shi kuma ya ƙi yarda, ya ci gaba da riƙe wurin yana yi kamar tana ciki tana barci, yana lallaɓa wata bishiya guda ɗaya da take so. Da Tomoe ya zo da wutarsa yana ƙone ko'ina, Mizuki bai damu da komai ba sai bishiyar nan. Haba Anti, ki ce min wannan na yara ne? Yaro ya san me ake nufi da ƙin yarda cewa wanda ka rasa ya tafi? Kuma ba su yar da shi ba, daga baya shi ma ya dawo gidan Nanami ya zama hadimi na biyu, shi da Tomoe kullum faɗa kamar za su cinye juna, wani sabon abin dariyar ke nan. Akwai kuma gimbiyar tarwaɗa Himemiko da ta kamu da son wani yaro ɗan adam Kotaro mai yawan kunya, wannan ma... a'a bari in bar wannan, in na shiga ba za mu kwana ba, ki gani da idonki.

Maganar nan da ake yi wai katun na yara ne kuwa, ita ce ke min ciwo har yau. Lokacin da na fara nemansa ban da data mai yawa, na kai wayata wurin wani mai tura finafinai a bakin kasuwa, na rubuta masa sunan a takarda, na biya shi, na dawo gida na tarar ya haɗa min sizin na 2 a gaba, na farko rabi babu, wasu ma ba fassarar Turanci a ƙasa. Na koma na yi masa magana cikin mutunci, ya dube ni ya ce Hajiya ai katun ne, duk wanda kika fara da shi ɗaya ne. Duk ɗaya ne! Mutumin da in ka ce ya tura maka fim ɗin Indiya mai kashi 300 zai jera maka su tsaf ɗaya bayan ɗaya ba ya tsallake ko guda, amma wannan don zane ne bai ga darajarsa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka ake mana a gida, da an leƙo an ga zane sai a ce ke har yanzu ba ki girma ba, alhali labarin aljani ya so mutum mun cika wayoyinmu da shi a littattafan Hausa ba wanda ya ce komai. Bambancin kawai a namu yawanci aljanin bala'i ne da za a kira malam ya yi ruƙiyya a rabu da shi, a nasu kuma an zauna an tambaya, toh in shi ma yana da nasa ciwon fa? Kuɗina dai bai dawo min da su ba, kuma ban sake taka shagonsa ba.

Yauwa, sai tambayarki ta biyu, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Akwai abubuwan bautarsu a ciki daga farko har ƙarshe, abin da suke kira kami, ita kanta Nanami muƙamin da aka ba ta ke nan, a sizin na 2 ma har taronsu take zuwa a Izumo, kuma wurin na gaske ne a lardin Shimane, a al'adarsu sun ce duk wata na 10 can suke haɗuwa. Mu dai mun san Allah ɗaya ne, kallon tatsuniya muke masa yadda za ki ji labarin Gizo ba ki ɗauka gaskiya ba, amma yaro ɗan shekara 7 ba lallai ya iya rabewa ba. Ga sumba, ga shan giya, Tomoe in ya yi fushi unguwar matan banza ta aljanu yake tafiya ya sha ya bugu, ba a nuna tsiraici amma an nuna inda yake. Don haka su Auta kam a'a, ki sa wa wayarki makulli. Ke da kanki ko babbar 'yarki da ta gama sakandare, wannan ke za ki duba ki yanke, ni ban ga abin da ya kai wasu finafinan da ake kunnawa a falo kowa na zaune ba.

Abu ɗaya da zan ja miki kunne, kar ki gama sizin na 2 ki zo guruf kina faɗa wai an bar ki a rataye, don ba su yi na 3 ba, kuma wannan ya ɓata wa kowa rai. Asalin sirrin labarin, wato wace ce macen nan Yukiji da aka ce Tomoe ya so shekara 500 da suka wuce, da abin da ya haɗa shi da Mikage tun farko, duk yana cikin wasu kashi 4 na daban da suke kira Kako-hen, sun fita tsakanin 2015 da 2016, sai kuma guda ɗaya na ƙarshe da ya rufe labarin. In ba ki kalli waɗannan ba kin ga rabin abu ne. Ki fara da kashi 4 na farkon sizin na 1, in kin kai wurin Mizuki ba ki ji komai ba ki bar shi ba dole. Kuma don Allah 'yan guruf kar wanda ya gaya mata zancen Yukiji, na san wasunku bakinsu ba ya riƙe magana. Anti gobe in na shigo unguwarku zan tura miki ta Xender a jere, ki dai share min wuri a wayar.